Shetland: na bi aikin ƙaramar hukuma daga Lerwick har inda titi ya ƙare

Jama'a barkanmu da war haka. Tun da na dawo daga Shetland nake ta son in zauna in rubuta abin da idona ya gane min a can, sai yau Allah ya nufa. Ga wanda bai san wurin ba, wasu tsibirai ne can ƙuryar arewacin Birtaniya, a ƙarƙashin Sikotland suke, tsibiran sun kai wajen 100 amma 16 ne kawai ke da mutane, kuma duk jama'ar cikinsu in ka haɗa ba su wuce dubu 23 ba. In ka duba taswira za ka ga sun yi nisa da kowa da kowa, sun ma fi kusa da garin Bergen na ƙasar Norwe a kan Landan nesa ba kusa ba, kuma dama can a hannun 'yan Norwe suke, sai a 1469 sarkin da ke mulkin Denmak da Norwe ya jinginar da su ga sarkin Sikotland saboda ya kasa cika kuɗin da ya yi alkawari na auren 'yarsa, to daga nan ba a sake fansarsu ba har yau.

Yawancin masu zuwa can tsuntsaye suke zuwa kallo, ko ƙananan dawakan nan nasu masu gashi buzu-buzu, ko kuma bikin wutar da suke yi a watan Janairu. Ni abin da ya ja ni daban ne. Na daɗe ina jin labarin wata ƙaramar hukuma da ta tsaya ta ja daga da manyan kamfanonin mai na duniya har sai da ta samu abin da take so, shi ne na ce bari in je in gani da idona, shin kuɗin nan ya isa wajen mutumin da ke zaune a tsibirin ƙarshe, ko kuwa a babban gari ya maƙale kamar yadda aka saba gani.

Daga Aberdeen na hau jirgin ruwan NorthLink da yamma, kwana ake yi a kan teku, kusan awa 12 in bai tsaya a tsibiran Orkney ba, in ya tsaya kuwa ya fi haka. Wannan jirgin ba na ƙaramar hukuma ba ne, gwamnatin Sikotland ce ke ba da kwangilarsa. Da sassafe muka shiga Lerwick, babban garinsu kenan, mutanensa wajen dubu 7. Lokacin bazararsu na je, rana ba ta son faɗuwa sam, ƙarfe goma sha ɗayan dare kana iya karanta takarda a waje ba fitila, sai da na koma bin jadawali a waya kafin in san lokacin Isha da Asuba don sama ba za ta gaya maka komai ba.

Abin da na fara nema shi ne zauren majalisar garin, wani tsohon ginin dutse ne a kan tudu mai hasumiya da agogo, tun 1883 aka buɗe shi, tagoginsa duk gilasai ne masu launi da hotunan sarakunan Norwe na da. Hukumar kanta sunanta Shetland Islands Council, a 1975 aka kafa ta a siffarta ta yanzu, tana cikin ƙananan hukumomi 32 na Sikotland. Kansiloli 23 gare ta, kuma abin da ya ba ni sha'awa shi ne kusan dukkansu ba su da jam'iyya, indifenda ne, mutum da sunansa yake tsayawa ba da tuta ba, a wurin da kowa ya san gidan kowa kuwa wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, don kansilan da ya ƙi a gyara titinku gobe za ku haɗu da shi a layin kanti ko a cikin feri, wato jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane da motoci, ba inda zai ɓuya. Bayan zaɓen 2022 suka ɗora Emma Macdonald a kujerar jagora, ita ce mace ta farko da ta riƙe ta. A wannan zaɓen dai, a mazaɓar tsibiran arewa kujeru uku ne amma mutum biyu kawai suka fito takara, sai daga baya aka sake zaɓe aka cike ta ukun. Wato kujerar ba ta kwasar ganima ba ce balle a yi ta kokawa a kanta, wahala ce zalla, shi ya sa sai an roƙi mutum. A ƙarƙashinsu kuma akwai ƙananan majalisun unguwanni guda 18, su ne ke kai kukan ƙauyuka sama.

Yanzu ku ji abin da hukumar nan ke ɗauke da shi: makarantu, tituna, shara, gidajen haya na talakawa, kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman, maƙabartu, laburare, bas-bas, sannan ga jiragen ruwa na tsakanin tsibirai, ga ƙaramin filin jirgin sama a Tingwall, ga tashar jiragen dakon mai. Asibiti kam ba nata ba ne, wannan na hukumar lafiya ta ƙasa ne. Ƙaramar hukumar ce ta fi kowa yawan ma'aikata a duk tsibiran, da wuya ka shiga gida ba ka samu mai cin albashinta ba.

Maganar shara zan ɗan daɗe a kanta don gaskiya ita ta fara kama hankalina. A masaukin da na sauka akwai hita a bango, ɗaki da ɗumi, ruwan famfo da zafi rau, sai na tambayi mai gidan ko da gas suke ɗumamawa, ta nuna min ta taga wani dogon bututun hayaƙi can wajen arewacin gari, ta ce daga can zafin ke zuwa. Ashe sharar da ba za a iya sake sarrafawa ba ce hukumar ke kwashewa ta kai wani gini a wajen Gremista a ƙone ta, zafin wutar ya tafasa ruwa, ruwan ya bi bututai a ƙarƙashin ƙasa ya shiga gidaje da makarantu da asibiti, ya huce ya koma a sake tafasa shi. Tun ƙarshen shekarun 1990 suke wannan, gine-gine sama da 1,000 ke kan layin, har sharar maƙwabtansu na Orkney ake kawowa ta jirgi a ƙara a wutar. Na taka har wajen na tsaya daga bakin shinge ina kallon motocin shara suna shiga ɗaya bayan ɗaya, ba wari, ba tsibin bola, ba leda tana tashi. A ƙauyuka kuma, ranar da motar shara za ta zo, za ka ga mutane sun fito da baƙaƙen ledojinsu bakin titi sun lulluɓe su da tsohuwar komar kamun kifi sun danne gefen da duwatsu, saboda tsuntsayen teku kar su farke su, durom ɗin shara kuwa ɗaure shi ake da igiya a jikin shinge don iskar wurin ba ta wasa, in ka bar shi haka gobe sai dai ka neme shi a teku. Kuma duk shekara in sanyi ya wuce dubban mutane ke fitowa gayya, yara da manya, su bi bakin teku suna tsince robobi da igiyoyin da ruwa ya amayo, tun 1988 suke yi ba fashi sai lokacin korona.

Daga nan na ɗauki hayar mota na nufi arewa. Titin nan jama'a, sumul, faɗi, ba rami ko ɗaya da zan iya nuna muku, alhali wani lokacin sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga gida ba sai tumaki. Inda ka bar babban titi ka shiga na ƙauye sai ya koma na mota ɗaya, amma kowane ɗan taƙi an fitar da wurin kaucewa da alamarsa, wanda ya fi kusa da shi ya raɓe, ɗayan ya wuce ya ɗaga hannu. A gefen hanya akwai akwatunan gishiri da tsakuwa da aka ajiye saboda lokacin ƙanƙara, in sanyi ya shigo tun kafin gari ya waye motocin hukuma ke bi suna watsawa don bas ɗin 'yan makaranta ya samu wucewa.

A hanyar ne na ratse na hango Sullom Voe, tashar da ake sauke mai, kuma a nan labarin kuɗin yake. Farkon shekarun 1970 aka gano mai a tekun da ke gabas da Shetland, kamfanoni suka ga ba inda ya fi musu kusa su sauke shi sai nan, kowa ya taso yana son ya sayi fili ya gina tasharsa. Mutanen wurin masunta ne da makiyaya da masu saƙa, da sun yi sake da kowane lungu an kafa masa tanki. Sai babban jami'in hukumar na lokacin, Ian Clark, da kansilolinsa suka tafi majalisar dokoki a Landan, da taimakon ɗan majalisarsu Jo Grimond, suka nemi a yi musu doka tasu ta musamman, aka kuma yi a 1974. Dokar ta ba ƙaramar hukuma ikon karɓar filin da kanta, ta zama ita ce mai tashar jiragen ruwan, ta kuma buɗe asusun ajiya. Suka ce wa kamfanonin tasha ɗaya za a yi, a wuri ɗaya, duk ku haɗu ku yi amfani da ita, kuma za ku riƙa biyan kuɗin damun mu da kuka yi. Kamfanonin ba don suna so ba suka sa hannu. Mai ya fara shigowa a 1978, kuɗin damuwar nan kuma aka yi ta biya har shekarar 2000, ya haura fam miliyan 80. Har yau duk jirgin dakon man da zai shiga Sullom Voe, matuƙan hukumar da jiragen janta ne ke shigar da shi, kuma ita ke karɓar kuɗin tasha.

Abin da ya fi burge ni ba karɓar kuɗin ba ne, abin da aka yi da shi ne. Ba su rabe shi ba, ba su cinye a shekara biyar ba. Sun kafa gidauniya a 1976 suka zuba kuɗin a ciki, aka juya shi a kasuwar hannun jari, ribar ake ci uwar kuɗin na nan. Daga wannan ribar ake tallafa wa wuraren wasanni, gidan tarihi, gidajen tsofaffi na karkara, har kamfanin da ke raba ruwan zafin nan na Lerwick na gidauniyar ne. Mutanen da suka yanke wannan shawarar yawancinsu sun rasu, yaran da ba su taɓa jin sunansu ba su ne ke iyo a ruwan ɗumi yau.

Na isa Toft, inda ake hawa feri zuwa tsibirin Yell. Layi biyu ne a ƙasa an rubuta, na waɗanda suka yi bukin da na waɗanda ba su yi ba, ga allon lantarki yana nuna lokacin jirgi na gaba, ga ɗakin jira da banɗaki mai tsafta a buɗe ba mai gadi. Jirgin ya iso ya buɗe baki, motoci suka fito, ma'aikata cikin riguna masu ƙyalli suka yi ta nuna mana da hannu, kai matso, kai tsaya nan, babbar motar kifi a tsakiya ƙananan motoci a gefe, kafin ka ce me an rufe mun tashi, wani ma'aikaci ya bi mota-mota da na'urar POS yana karɓar kuɗi ta taga. Minti 20 ne tsallakawar. Jirage biyu ke wannan hanyar, Daggri da Dagalien, an ƙera su a Folan wajen 2004, kuma su ne ma ake kira sababbi. Tun 1973 hukumar ta fara wannan tsarin na feri mai ɗaukar mota, daga Norwe suka koyo, kafin nan jirgi ɗaya ne ke zagaya tsibiran daga Lerwick, mutum ya jira ranar zuwansa.

A saman jirgin na zauna kusa da wata baiwar Allah da kayan aiki a jikinta, muka ɗan taɓa hira, ashe mai kula da tsofaffi ce a gidajensu. Ta ba ni labarin yadda duk rayuwarsu a kan jadawalin ferin nan take, zuwa aiki, ganin likita, biki, jana'iza, wasan ƙwallon yara, in za ka je cin abincin dare a Lerwick idonka na kan agogo don in na ƙarshe ya tashi ya bar ka sai dai ka nemi wurin kwana. In mace ta kusa haihuwa tun da wuri take komawa kusa da asibiti, in kuwa ciwo ya taso da tsakar dare to ma'aikatan jirgin ake tasowa daga barci su tsallakar da motar asibiti. Tana faɗa ba da ƙorafi ba, kamar mai ba ka labarin yanayin gari.

Yell ban daɗe ba, ratsa shi na yi daga Ulsta zuwa Gutcher, fili ne fetal mai duhun ƙasa, irin baƙar ƙasar nan da suke yankawa kamar tubali su shanya su yi makamashi da ita. Mutanensa ba su cika dubu ba amma a Mid Yell na ga makaranta sabuwa fil, ga wurin wasanni, ga gidan tsofaffi. A Gutcher na sake hawa wani ferin, minti 10, sai ga ni a Unst, daga shi babu wani tsibiri mai mutane a arewa a duk Birtaniya.

To a nan ne na samu amsar tambayar da ta kawo ni. Unst mutanensa ɗari shida da 'yan kai ne. A da sun fi haka, akwai sansanin sojan sama a Saxa Vord mai na'urar hango jirage, da aka rufe shi a 2006 iyalai da yawa suka tattara suka tafi. Amma a Baltasound, ɗan garin da ke tsakiya, ga makaranta daga rainon yara har ƙaramar sakandare, a jikinta ga cibiyar wasanni. Na shiga na leƙa. Wurin iyo ne na gaske mai ruwan ɗumi, ga zauren wasa, ga ɗakin motsa jiki da injinansa, wata ma'aikaciya a teburin karɓar baƙi, a bango an manna jadawali, ranar kaza darasin iyo na yara, ranar kaza na dattawa. Na tarar da wasu tsofaffin mata suna fitowa daga ruwa da jakunkunansu suna ta dariya, waje kuma iska na neman tuge mutum. Wallahi na daɗe a tsaye a wurin. Irin waɗannan cibiyoyin guda 8 aka gina a faɗin Shetland, babbar ita ce Clickimin ta Lerwick da aka buɗe a 1985, sauran an warwatsa su ne da gangan don kar a ce sai ɗan birni ne zai koyi iyo, a wurin da maza da yawa a kan teku suke neman abinci kuwa koyon iyo maganar rai ce.

Can gaba kaɗan ga Nordalea, gidan kula da tsofaffi, ɗan ƙarami ne mai 'yan ɗakuna. Ban shiga ba don ba wurin yawon buɗe ido ba ne, amma na fahimci hikimar. Da babu shi, tsohuwar da aka haifa a Unst ta yi aure a Unst ta binne mijinta a Unst, in ƙarfinta ya ƙare sai a ɗauke ta a tsallaka ruwa biyu da ita a kai ta cikin baƙi, jikokinta su riƙa ganinta sau ɗaya a wata. Yanzu kuwa tana nan, ta taga tana ganin tudun da ta sani, masu yi mata hidima 'ya'yan maƙwabtanta ne. Ko shakka babu a lissafin kuɗi gina babban gida ɗaya a Lerwick ya fi arha, sun sani sarai, suka zaɓi mai tsadar, kuma ni ina ganin sun yi daidai.

Akwai wata rumfar jiran bas a bakin titi kusa da Baltasound da kowa ke tsayawa ɗaukar hoto, Bobby's Bus Shelter ake ce mata. A shekarun 1990 hukuma ta zo cire tsohuwar rumfar wurin, sai wani yaro ɗan firamare da ke fakewa a ciki yana jiran bas ɗin makaranta ya rubuta wasiƙa zuwa jaridar Shetland Times ya ce a bar musu abinsu, hukuma ta ji ta kafa sabuwa. Daga nan mutanen gari suka fara kawo kaya suna ajiyewa a ciki. Ranar da na je akwai kujera mai laushi, ɗan tebur, labule, tsohuwar talabijin, furanni, da littafin da baƙi ke sa hannu, ba ƙofa ba kwaɗo, ba kuma wanda ya ɗauki ko cokali. Wasu abin dariya suke ɗaukarta, ni kuwa abin da na gani shi ne ofis ya karanta wasiƙar yaro ƙarami ya kuma amsa.

Har motar laburare na ci karo da ita a hanya, babbar mota ce cike da kantocin littattafai, tana hawa feri kamar kowa ta bi ƙauyuka ta tsaya a ƙofar gidaje.

Amma fa kar in sa ku ɗauka aljanna ce, su kansu ba su ce haka ba. Yaron Unst in ya gama ajin da makarantarsu ta tsaya, sai ya koma Anderson High School a Lerwick, sabon gini ne da aka buɗe a 2017 da ɗakunan kwanan ɗalibai a gefensa, ya kwana can ranakun karatu ya dawo gida ƙarshen mako. 'Ya'yan ƙananan tsibirai irin Fair Isle da Foula kuwa tun suna 'yan shekara 12 suke barin gaban iyayensu, kuma ba kowane mako suke samun komawa ba. Da yawa daga nan sai jami'a a Aberdeen ko Glasgow, sai aiki, shi kenan an rasa su. Shekarun baya da kuɗi ya fara ja baya hukumar ta tashi rufe wasu makarantun karkara, aka yi ta zanga-zanga da tarurruka masu zafi, wasu aka rufe, kamar sashen sakandaren Skerries a 2014, wasu jama'a suka hana. Har yanzu in ka ta da zancen za ka ga fuskar mutum ta canza, don a wurinsu ranar da aka rufe makaranta ranar aka fara sallamar ƙauyen.

Kuɗin ma ba kamar da ba. Harajin gidaje da mazauna ke biya kaɗan yake ɗaukewa, mafi yawan kasafin daga gwamnatin Sikotland yake zuwa, giɓin da ya rage kuma daga asusun ajiya ake cikewa, har masu binciken kuɗin ƙananan hukumomi suka ja musu kunne a rahoton 2022 cewa wannan ba hanya ce mai ɓullewa ba. Man da ke ratsa Sullom Voe ya ragu ƙwarai a kan na da. Ga ƙarancin ma'aikata, ana neman malamai da masu kula da tsofaffi da ma'aikatan feri ana rasawa, wanda ya yarda zai zo daga waje kuma sai ya rasa gidan haya, shi ya sa filin tsohuwar sakandare da ke Knab ake shirin mayar da shi unguwar gidaje.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne tsadar ɗumama gida. Wurin nan mai na ratsa shi, gas na ratsa shi, amma babu bututun gas da ke shiga gidajen mutane, in ba ka kan layin ruwan zafin Lerwick to da lantarki ko man hita za ka yi ta fama, ga sanyi da iska kusan duk shekara, sai ka ga dattijo ya kashe hita ya ƙudundune a ɗaki ɗaya don tsoron bil. A hanyata ta dawowa na bi ta tsakiyar babban tsibirin inda aka kafa fankokin Viking masu samar da lantarki daga iska, guda 103, dogaye har wuya ya gaji da kallo, an gama su a 2024, wutar kuma ana tura ta Sikotland ta kebul ɗin ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 260. Kamfanin na ba al'umma wajen fam miliyan 2 da wani abu duk shekara, amma mutane da yawa da na ji bakinsu gani suke an ɓata musu tuddai kuma bil ɗinsu bai sauka ba, kuma kusan kowa sai ya kawo maka zancen 1974, yana cewa iyayensu sun fi su iya ciniki. Ni baƙo ne amma na ga gaskiyarsu, wanda fanka ke juyawa a bayan gidansa bai kamata ya kwana cikin sanyi ba.

Sai babbar maganar da ke bakin kowa, feri ko ramin mota ta ƙarƙashin teku. Jiragen hukumar 12 ne kuma yawancinsu sun haura shekara 30, akwai wanda tun farkon shekarun 1980 yake aiki, in ɗaya ya lalace ko ya tafi gyara sai a yi ta jujjuya sauran, layi ya yi tsawo, motar kifin da ya kamata ta kama jirgin Aberdeen na yamma ta makara, kuma kifin nan, musamman salmon da ake kiwo a kejin teku, shi ne abincin tsibiran arewa. Ga kuma tashar harba roka da ake ginawa a SaxaVord can ƙarshen Unst, wadda ta samu lasisi a Disambar 2023, duk kayanta ta feri biyun nan za su bi. Shi ya sa mutanen Yell da Unst suka kafa ƙungiyoyi suna tara kuɗi da kansu don a auna ƙasan teku, suna son a haƙa hanyar mota ta ƙarƙashi. Hujjarsu maƙwabtansu ne na tsibiran Faro, waɗanda suka daɗe da yin haka, a 2020 ma suka buɗe wata mai kilomita 11 har da shataletale a ƙarƙashin teku. Kuma a cikin Shetland ɗin ma akwai misali, tsibiran Burra da Trondra da aka haɗa da gada tun 1971 mutanensu ba su watse ba. Hukumar ta sa a yi nazarin ramuka zuwa Bressay da Whalsay da Yell da Unst, sai dai kuɗin ya fi ƙarfin aljihunta ita kaɗai, dole sai gwamnatocin Edinbara da Landan sun sa hannu. Akwai kuma masu ɗari-ɗari, suna tsoron in hanya ta buɗe za a ce to ai ba sauran dalilin barin makaranta da gidan tsofaffi a kowane tsibiri, kowa ya tuƙa zuwa gari, ga ma'aikatan feri da za su rasa aiki. Ni dai bayan abin da matar nan ta gaya min na motar asibiti da tsakar dare, ina bayan masu rami, da sharaɗin a rubuta a ƙasa cewa makarantun da gidajen tsofaffin suna nan daram.

Fair Isle ban samu zuwa ba, kuma su ba ramin da zai taɓa kai musu, sun yi nisa da yawa a tsakiyar teku tsakanin Shetland da Orkney. Mutum wajen 60 ne a can. Abin da ke haɗa su da duniya ɗan ƙaramin jirgin sama ne mai kujeru kaɗan da ke tashi daga Tingwall a kan kwangilar hukuma in hazo ya bari, sai kuma jirgin ruwa Good Shepherd IV da aka ƙera a 1986, fasinja 12 yake ɗauka, tafiyar awa biyu da rabi daga Grutness, mota kuwa sai an ɗaga ta da ƙugiya a ɗora a kai, kuma matuƙansa mutanen tsibirin ne da kansu. A Janairun 2023 gwamnatin Birtaniya ta ware kusan fam miliyan 27 don a sauya shi a kuma gyara tashoshin biyu, hukumar ta ɗauki nauyin aikin da cikon kuɗin.